Taya da fetur ba su san mai laifi ba

Duk lokacin da aka kama yaro da zargin ƙwacen waya a Kano aka yi masa rubdugu har ya daina motsi, sai ka ji ana cewa, "Ai shi ne maganinsu, tun da aka fara ƙona su ba ga shi sun yi sauƙi ba?" Cikin masu faɗin haka har da iyayen da aka daɓa wa 'ya'yansu wuƙa a kan waya, kuma na san zafin da ke cin su. Duk da haka maganar ɓata ce, ba zan yi shiru a kanta ba.

Na taɓa ganin an yi a bakin wata kasuwa. Mutum ɗaya ya ɗaga murya ya ce "Ɓarawo!", kafin ka ce kwabo an rufe yaron. Silifas ɗinsa ɗaya yana can gefen kwata, wani yana mirgino taya daga wurin mai faci. Na tambayi na kusa da ni me yaron ya sata. Ya ce wallahi bai sani ba, shi ma zuwansa ke nan. Da dutse a hannunsa yake ba ni amsa.

A watan Maris na 2025, ana cikin azumi, mafarauta 16 suna hanyar komawa gida Kano don yin salla, 'yan sintiri suka tare motarsu a Uromi ta jihar Edo. An ga bindigogin farauta, aka ce masu garkuwa da mutane ne, aka kashe su, aka cinna musu wuta. Arewa ta yi kuka, kuma ya cancanta. To, amma mu saurari hujjar masu kare wancan aiki: garkuwa ta addabe mu, hukuma ba ta komai, in an kai su kotu sakin su za a yi, in an ƙona wasu saura za su shiga taitayinsu. Wace kalma ce a ciki ba mu muke faɗinta a kan ɓarawon waya ba?

Addinin da muke tinƙaho da shi bai bar wannan ƙofa a buɗe ba. A fiƙihun Malikiyya sata ba ta tabbata sai a gaban alƙali, da iƙirari ko shaidu biyu adalai, sai kayan sun kai nisabi, an kuma ɗauke su daga ma'ajiyarsu. Shubuha na shiga, haddi ya faɗi. Ko ɗan fashi da makami, hukuma ce ke yanke masa hukunci, kuma an hana azabtarwa da wuta.

A ce ma ƙwacen ya ragu. Mai wannan lissafi yana ƙirga wayoyin da suka tsira, ba ya ƙirga waɗanda aka ƙona bisa kuskure, don gawa ba ta kare kanta. Mafarautan Uromi ma, ba don suna da dangi a Bunkure da suka fito suka faɗi ko su wane ne ba, da har yau sunansu masu garkuwa.