Wa Ke Duba Aikin Maƙerin Gwamnati?

Jama'a, direban jirgin ƙasa ba shi da ido sai sigina. In ta nuna kore ya wuce, in ja ya tsaya. A ƙasar Sin kamfanin Gwamnati, watau CRSC, shi ne babban maƙerin waɗannan na'urori. Asalinsa tun 1953 ne, a ƙarƙashin Ma'aikatar Reluwe, ya yi ta bunƙasa har ya shiga kasuwar hannun jari ta Hong Kong a 2015. Wannan kam abin yabo ne.

Amma a namu ganin, inda maƙeri da mai saye duk 'ya'yan Gwamnati ne, lalle mai duba aikinsu ya fito daga wani gida dabam. Ran 23 ga Yuli, 2011, tsawa ta lalata na'ura kusa da Wenzhou, maimakon ja sai sigina ta ci gaba da nuna kore. Jirgi ya afka wa jirgi ta baya, mutum 40 suka rasu. Bincike ya gano kuskure a zanen na'urar, wadda wani reshen kamfanin ya yi, aka kuwa sa ta aiki ba a gwada ta sosai ba. An hukunta ma'aikata 54, amma sai bayan an binne mutane.