Ƙorafi Kan Makahon Jatan Lande na Kogon Mammoth

Zuwa ga masu girma shugabannin hukumomin kula da namun daji da ruwa, na tarayya da na jihar Kentaki, Amurka.

 Mun rubuto ne a madadin mazauna kewayen kogon Mammoth da duk masu kishin abin da ke cikinsa. Kukanmu a kan wata 'yar halitta ne wadda ba ta da bakin kai ƙara.

Jatan lande ne, tsawonsa bai wuce santimita 3 ba. Ba shi da ido, jikinsa garau kamar gilashi, har ana hango cikinsa. Duk duniya, a ruwan ƙarƙashin ƙasar wannan yanki kaɗai yake, yana kiwo a lakar da ambaliya ke shigowa da ita. Daga 1967 aka daina ganinsa har aka fid da rai, sai a 1979 aka sake cin karo da shi. A 1983 gwamnati ta sa shi cikin halittun da ke gab da ƙarewa, a 1988 aka fitar da shirin farfaɗo da shi. Muka yi murna, muka zuba ido. Yau shekara 40 da ɗoriya, sunansa bai fita daga wannan jeri ba.

Babbar damuwarmu ruwa ne. Ƙasar nan dutsen farar ƙasa ce, duk ramuka. Abin da aka zubar a sama, ko taki, ko maganin feshi, ko ruwan masai, ba ya samun ƙasar da za ta tace shi. Ruwan sama ɗaya ya isa ya kai shi cikin kogo. Gandun dajin kogon Mammoth da aka kafa a 1941 yana da iyaka, ruwan da ke shiga cikinsa kuwa daga gonaki da garuruwa da tituna na waje yake gangarowa. A 1980 wata babbar mota ɗauke da gubar sayanaid ta kife a babban titin I-65. Har gobe irin waɗannan motoci suna bi ta nan dare da rana.

Sai madatsa ta 6 a kogin Green, wadda ta riƙa tura ruwa baya cikin kogo tana dagula shigowar abincin jatan landen. Tun 1951 jiragen ruwa suka daina amfani da ita, amma aka bar ta tsaye. Sai da ta ɓalle da kanta a 2016, sannan aka kwashe ta a 2017. Mun gode, sai dai jiran ya yi tsawo ga halittar da ba ta saurin haihuwa.

Ba mu zo da rigima ba, ranku ya daɗe. Roƙonmu a tsare magudanan titi ta yadda malalar guba ba za ta faɗa rami ba, a tallafa wa manoma su killace ramukan gonakinsu, a kuma riƙa ƙidayar jatan landen nan ana sanar da jama'a sakamako. Alkawarin 1988 yana nan a rubuce, muna roƙon a cika shi.