Kafin ka sake ɗaukar wa kanka alƙawari, fara gyara saitin wayarka

Duk farkon shekara, ko ranar da sakamakon jarrabawa ya fito ba yadda aka so ba, za ka ji matashi na cewa: daga gobe zan riƙa karatun awa biyu, zan koyi zane a kwamfuta, na daina raba dare ina kallon bidiyo. Sati ɗaya ko biyu, sai a koma gidan jiya, mutum ya fara zargin kansa da lalaci.

A ganina, kafin ka zargi kanka, ya kamata ka fara duba abin da ke hannunka. Manhajojin da muke wuni a cikinsu an ƙera su ne don kada mu fita. Tsarin nan da ke sa kana jan allo sama amma shafi ba ya ƙarewa, Aza Raskin ne ya ƙirƙiro shi a 2006, kuma daga baya ya fito fili ya nuna nadamarsa. Idan kana fafatawa da irin wannan tsari da niyya kawai, da wuya ka kai labari.

Mu yi lissafi. Awa 3 a kullum a TikTok ko Facebook ta kama awa 1,095 a shekara, wato sama da kwana 45 cur, dare da rana. Ba a ma zancen kuɗin data ba. A ɗaya ɓangaren, minti 20 kacal a kullum ya haura awa 120 a shekara. Wannan ya isa mutum ya yi nisa a koyon Excel, ko gyaran hoto, ko bitar tambayoyin JAMB.

Abin daɗin shi ne ba sai ka sauke wata sabuwar manhaja ba. Tun 2018 Google ya fito da Digital Wellbeing, Apple kuma ya fito da Screen Time a cikin iOS 12. Akasarin wayoyin Android na yanzu, har da Tecno da Infinix, suna da shi a cikin saiti. Shiga ka ga awa nawa ka ɓata jiya, kuma a wace manhaja. Mutane da yawa sai sun ga adadin da idonsu suke yarda.

Daga nan ka saka wa manhajar da ta fi cin lokacinka iyaka. A Android, da zarar lokacin ya cika, alamarta za ta dushe, ba za ta buɗu ba sai washegari, sai dai in kai ka koma saiti ka cire. A iPhone za ka iya kulle iyakar da lambar sirri. Ka bar ɗan'uwanka ko abokin da ka yarda da shi ya saka lambar. Kashe sanarwar duk manhajar da ba ta kawo maka kira ko ciniki. Da dare kuma ka kunna yanayin barci, wanda ke mayar da allo fari da baƙi, sannan ka yi caji nesa da katifarka.

Idan ka ƙwato lokacin, ka cike shi da abu guda, ƙarami, mai tsayayyen lokaci. "Zan koyi Turanci" buri ne. "Bayan la'asar zan yi darasi ɗaya na minti 15" shi ne tsari. Wanda ya ɗauko buri biyar a rana ɗaya, taura biyu yake son taunawa.

Kada kuma maganar nan ta cewa ɗabi'a na zama jiki cikin kwana 21 ta ruɗe ka. A binciken da Phillippa Lally da abokan aikinta suka yi a University College London, matsakaicin lokacin da ɗabi'a ta ɗauka kafin ta zauna kwana 66 ne, kuma ya kama daga kwana 18 zuwa 254, gwargwadon mutum da irin abin da yake koya. Sun kuma gano cewa tsallake rana ɗaya ba ya rushe aikin. Don haka in ka yi fashi yau, gobe ka ɗora daga inda ka tsaya.

Wani zai ce ai da wayar yake cin abinci, a WhatsApp da Instagram kwastomominsa suke. Gaskiya ne, kuma ba wanda ya ce ka ajiye ta. Amma amsa saƙon mai saye daban, zarcewa kallon bidiyo na awa biyu bayan an gama ciniki daban. Kai ka fi kowa sanin inda aikin ya ƙare.

Yau da dare, kafin ka kwanta, buɗe saitin ka duba adadin awannin. Zaɓi manhaja ɗaya ka rage mata minti 30, ka kuma yanke abin da za ka yi da su gobe.