Ilimi ya sauko bisa tabarma

A wata unguwa ta Damagaram, samarin wata fada sun tsiro da abin da ya cancanci a ba shi wannan shafi. Duk daren Alhamis, bayan sallar lisha, sai su ajiye karta, su kashe rediyo, su shimfiɗa tabarma ta musamman domin baƙo guda. Wani tsohon mushen lakkol ya zo ya ba su labarin yadda Sarki Tanimun ya kewaye Birni da ganuwa har ya sa aka ƙera masa igwa a gida. Wata unguwarzoma ta zo ta yi magana kan abin da ke kashe mata wajen haihuwa. Wani ɗalibin jami'a kuma ya ɗauko lemu da ƙwallo da cocila, ya nuna musu dalilin da ya sa rana ta yi duhu da hantsi ranar 29 ga Maris 2006. Babu katin gayyata, babu kuɗin zama, babu tutar kowa. Abin da aka kashe bai wuce na shayi da sukari da gawayi ba.

Mai karatu zai ce: ina ruwan jaridar siyasa da hirar masu shan shayi? Ruwanta ne ƙwarai. Daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991, lokacin taron mahawarar ƙasa, ƴan Nijar sun kwance bakinsu bayan shekaru talatin na jam'iyya guda da mulkin soja. Wanda ya shugabanci zaman ma masanin tarihi ne, Farfesa André Salifou, wanda ya rubuta littafi sukutum kan Damagaram. Cikin shekarun da suka biyo ne fadodi suka yaɗu ko'ina cikin garuruwanmu. Sai dai bakin da aka kwance, magana iri guda ya koya: wane ya ci, wane ya sauya sheƙa, wane zai samu minista. An ba talaka ƙuri'a, an ba shi hula da zane mai hoton ɗan takara, amma ba a taɓa zama an gaya masa yadda ake tsara kasafin kuɗin garinsa ba, ko daga ina ruwan famfonsa ke fitowa. Tun daga nan jamhuriya nawa ta zo ta wuce? Jam'iyyun kansu an rushe su a 2025. Fada kuwa tana nan a bakin titi da butarta.

Laifi mafi girma namu ne, mu ƴan boko. Mun yi karatu da harajin manomin da bai taɓa taka ƙofar aji ba, muka dawo muka kulle abin da muka samo cikin Faransanci. In za a yi lacca kan tarihin Gobir, sai a yi ta a Yamai, cikin ɗaki mai sanyi, gaban mutum arba'in da suka riga suka san zancen, Bagobirin Tsibiri kuwa ko labari bai ji ba. Daga baya aka ƙaro wata cuta, ta taron ƙara wa juna sani a otal, inda ba mai zama sai an gaya masa jika nawa zai karɓa. Masu wa'azi sun daɗe da gane cewa jama'a a unguwa take, suna fita da lasifikarsu. Ƴan siyasa ma sun gane, duk lokacin da zaɓe ya gabato. Likita da injiniya da masanin tarihi ne kawai suke jira a zo a same su.

Alhali ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Tun 1962 aka kafa ƙungiyar Radiyo Kulob, inda mutanen gari ke taruwa su saurari shiri, su tattauna, a ɗauki muryarsu a mayar gidan rediyo kowa ya ji. A 1968 aka buɗe cibiyar tattara tarihin baka a Yamai, wadda aka sani yau da CELHTO, kuma Bubu Hama ya ƙare rayuwarsa yana rubuta abin da ya ji daga bakin tsofaffi. Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, tun 1964 ya rubuta cewa ilimin da ba a bayar da shi cikin harshen jama'a ba zai kama ƙasa ba. Shi ne kuma ya share shekaru yana ƙera na'urorin dafa abinci da ɗumama ruwa da zafin rana. Yara nawa ne a Tasawa suka san wannan? Mata nawa ne cikin masu tafiyar rabin yini neman icce suka taɓa jin sunansa?

Amma tarihin nan yana da darasi mai ɗaci. Zamanin Seyni Kunce, daga 1974 zuwa 1987, an farfaɗo da samariya. Ba za a yi musun aikin da ta yi ba: an gina azuzuwa, an share tituna, an yi wasannin kwaikwayo da har yau ake tunawa. Sai dai wurin da hukuma ke zaɓen mai magana da abin da zai faɗa, ba a yin tambaya a cikinsa, tafi ake yi. Saboda haka muke cewa duk mai mulki, da kaki ko da babbar riga, ya bar wannan hira a hannun masu ita. In hukumomin gari suna son taimako, su buɗe ƙofar gidajen matasa da azuzuwan lakkol da dare, su biya kuɗin wuta, su bar neman a kawo musu takardar izini kafin tsoho ya ba jikokinsa labarin garinsu.

Abin faɗa kuwa ba ya ƙarewa. Mutumin Maraɗi ya kamata ya san cewa sarakunan Katsina da jihadi ya kora ne suka kafa sarautar garinsa, kuma ambaliyar 1945 ce ta sa aka tashi daga gulbi aka hau tudu. Wanda ya san haka zai yi tunani kafin ya sayi fili a hanyar ruwa. Badamagare ya san dalilin da ya sa Nasara suka ɗauke babban birni daga garinsa suka kai Yamai a 1926. Saurayin da ba ya kallon komi sai fina-finan waje ya ji cewa Umaru Ganda ne ya fara cin babbar kyautar FESPACO a 1972. Kuma ba dole mai magana ya kasance mai digiri ba. Sassaben zamani, wato barin kututture ya toho a gona maimakon a tumɓuke shi, ya maido da itatuwa bisa kadada wajen miliyan 5 a yankunan Maraɗi da Damagaram tun daga shekarun 1980, kuma daga bakin manomi zuwa kunnen manomi ya yaɗu. Manomin da ya yi wannan aiki malami ne; ranar da ya hau tabarma, injiniyan gona ya zauna ƙasa ya saurara. Haka magini mai zanen soro, haka baduku, haka maroƙin da ya riƙe sunayen sarakuna a ka.

Akwai gyara biyu da ba za mu ɓoye wa samarin ba. Fada wurin maza ce, kuma hirar da rabin unguwa ba ya jin ta, rabin hira ce. Mata suna da nasu zama, tun daga adashe har ƙungiyoyin Mata Masu Dubara da suka soma a yankin Maraɗi a 1991. A kai baƙon can, da rana, lokacin da suka zaɓa da kansu. Sa'an nan tabarmar da aka shimfiɗa wa likita, gobe mai maganin cuta saba'in zai nemi hawanta, jibi kuma mai karanto abin da ya tsinta a salula. Maganin wannan shi ne tambaya: duk wanda ya yi magana, a ce masa ina ya samo, kuma in ya ce bai sani ba kada a yi masa dariya.

A watan Maris na 2025 aka rubuta cikin kundin mulki cewa Hausa ce harshen ƙasa. Takarda ta faɗa, amma takarda ba za ta samo mana kalmar da za a bayyana wa tsohuwa yadda rigakafin sanƙarau ke aiki cikin jiki ba. Sai likita ya tsaya gabanta ya yi ta lalube, ta gyara masa, a dace. Haka za a yi da Zabarmanci da Fulatanci da Barbarci da Buzanci, kowace unguwa da harshen da take ciniki da shi. Mu ma a wannan jarida mun karɓi gayyatar samarin. Sun ce mu zo mu gaya musu yadda ake haɗa labari, da kuma wanda ke biyan kuɗin buga shi.