Tsarin Mulkin 1960 da Talakan Ƙofar Kwaya

Duk lokacin da aka tashi maganar raunin tsarin mulkin da Nijeriya ta karɓi mulkin kai da shi ran 1 ga Oktoba, 1960, masana sukan tsaya ne a kan rashin daidaiton jihohin nan uku, wato yadda Jihar Arewa ita kaɗai ta riƙe kujeru 174 daga cikin 312 na Majalisar Wakilai, ko kuma yadda aka bar Sarauniyar Ingila a matsayin shugabar ƙasa har zuwa 1963. Duka wannan gaskiya ne. Amma ni a nawa ganin, wanda ke son ya ga babban raunin ba sai ya je Ikko ba. Ya tsaya a Ƙofar Kwaya cikin birnin Katsina, ya dubi talakan da ke zaune a nan, ya tambayi kansa: me wannan takarda ta sake masa?

An shirya tsarin ne a tarurrukan London na 1957 da 1958, tsakanin Turawa da shugabannin jam'iyyu. Bisa shawarar Hukumar Willink, an sa babi guda na haƙƙin ɗan Adam, wanda ya ba kowa 'yancin faɗin albarkacin bakinsa da na yin taro. To, amma wa zai tsare wa talaka wannan haƙƙi? Ɗan dokan da zai kama shi na En'e ne, alƙalin da zai yi masa shari'a na En'e ne, gidan yarin da za a kai shi ma na En'e ne. Bugu da ƙari, tsarin da kansa ya halatta a hana lauya tsayawa a kotunan gargajiya. Su kuwa manyan En'e akasarinsu 'yan NPC ne, jam'iyyar da ke mulki. Ke nan an ba kura ajiyar nama. Magoya bayan NEPU ta Malam Aminu Kano su ne suka fi kowa ɗanɗana kuɗar wannan shiri.

Matan unguwar kuwa ko ƙuri'a ba su da ita, alhali takwarorinsu na Kudu suna jefawa. Sai a 1979 matan Arewa suka shiga zaɓen tarayya.

Wani zai ce zamanin ne ya kawo haka, domin da an taɓa En'e da shugabannin Arewa ba su yarda an zauna tare ba. Ban musa ba. Sai dai abin lura shi ne, gyaran da 'yan siyasa suka ƙi yi, soja ne suka zo suka yi shi bayan juyin mulkin 1966, suka raba En'e da 'yan doka da kotuna da gidajen yari.

Saboda haka, ya 'yan'uwana ɗalibai, in za mu auna kowane tsarin mulki, na jiya ko na yau, kada daɗin lafazinsa ya ruɗe mu. Mu fara tambaya: a hannun wa aka bar sanda?