FESPACO 2027: Ina Makomar Finafinan Hausa?

Jama'a, tun 1969 Wagadugu ke karɓar baƙuncin FESPACO, amma har yau fim ɗin Hausa bai taɓa ɗaukar Dokin Yennenga na zinariya ba. Oumarou Ganda na Nijar ne ya fara cin sa a 1972, Newton Aduaka na Nijeriya a 2007, sai Dani Kouyaté na nan gida a 2025.

Mu 'yan Zangouettin, da shirin ZACA ya tarwatsa a 2003, mun san lokacin da kaset ɗin Kano ke ciyar da gidaje daga nan har Sinkase. Wayar salula ta kashe wannan kasuwa. Yau Labarina da Izzar So a YouTube ake kallon su, mai shago ba ya samun ko dala.

Shirye-shirye masu dogon zango sun janye furodusoshi daga manyan finafinai, irin waɗanda alƙalan gasa ke dubawa. Sai dai Nijeriya ta tura Mai Martaba gasar Oscar a 2024. Hasashenmu: muddin ba a fassara irinsa zuwa Faransanci an kawo Wagadugu ba, a 2027 ma 'yan kallo za mu zama.