Wasiƙar bogi ta intanet: 'yan kasuwar Tasawa da Mayahi, a yi hattara

A da, ɗan kasuwar Tasawa ko Mayahi da ƙafarsa yake zuwa Kano ko Maraɗi, ya ga kaya ya ƙirga kuɗi. Yanzu manyan 'yan kasuwa na odar kaya daga Dubai da Sin ta hanyar imel, wato wasiƙar intanet, ƙananan 'yan kasuwa da mata masu saro kuma suna zuba kuɗinsu a hannunsu. Idan aka damfari babba ɗaya, jarin mutane da dama ne ya nutse.

Dabarar macutan ita ce aiko wasiƙa da sunan kamfanin da ka saba da shi, wani lokaci harafi ɗaya kawai suke canzawa a adireshin, su ce an sauya lambar asusun banki, a tura kuɗin can.

Ko manyan kamfanoni ba su tsira ba. A shekarar 2018 an aika wa shugaban sashen kuɗi na kamfanin Unatrac, mai dillancin injinan Caterpillar, wasiƙar bogi kamar daga Microsoft, aka sace kalmar sirrinsa, aka kwashe kusan dalar Amurka miliyan 11. A 2021 kotun Amurka ta ɗaure ɗan Nijeriya Obinwanne Okeke shekara 10 kan wannan.

A nan Nijar akwai dokar hukunta laifukan intanet ta 3 ga watan Yuli 2019. Amma doka na kama ɓarawo ne, da wuya ta maido kuɗin da ya ƙetare iyaka.

Saboda haka rigakafi ya fi magani. Mai kamfani ya sa masanin kwamfuta ya kafa masa SPF da DKIM da DMARC. Na farko yana bayyana injinan da aka yarje wa aika wasiƙa da sunan kamfanin, na biyu hatimi ne a kan kowace wasiƙa, na uku yana ba da umarnin a tare wadda ba ta cika sharaɗi ba. A kuma haɗa kalmar sirri da lambar da ake turowa a salula.

Sai dai waɗannan ba sa kama adireshin da aka canza wa harafi. Nan aikin ɗan kasuwa ne. Duk saƙon da ya ce an sauya asusu, ko a biya da gaggawa, a kira tsohuwar lambar da aka sani, ba wadda ke cikin saƙon ba. Mata masu haɗa kuɗin sari su tambayi wakilinsu ko ya yi wannan kiran kafin jika ɗaya ta fita.